Turmina da Kunnen Ƙasa

Sun rushe ɗakin kunnen ƙasa, kuma ba wanda ya zo ya tambaye ni. Na fito zan tafi gaisuwar mutuwa, na tarar da samari sun ɗebe kwanon rufin, sun fasa bango, suna loda bulo a amalanken jaki. Wai shagon sai da mai a kwalabe za su gina bakin hanyar Cadakori, saboda masu moto. Ramin da ke gefen ɗakin kuwa sun cika shi da shara. Na ce, "Ku wa ya ba ku?" Wani mai gashi kamar tsintsiyar kwakwa ya ce, "Kaka, ai kangon awaki ne." Kangon awaki! Na bi fuskokinsu da kallo, na san uban kowa, wasu ni na yanke musu cibi, amma ba ɗaya da ya san abin da ya taɓa zama cikin ramin nan. Ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe ba don a kira ni tsohuwar kirki. Tunda Allah ya nufe ni da shiga karatun manya bayan furfura ta fito mini, har hannuna ya saba da alƙalami, to zan rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta.

A ƙuruciyarmu da kunne ake sanin gari. Ladan bai gama kiran asuba ba turame sun amsa masa. Kana kwance kana iya faɗin gidan da ake daka, da abin da ake dakawa, har da matar da ke riƙe da taɓarya. Sussuka muryarta a bushe take, tana ƙaiƙayi a kunne. Surfe da taushi yake fita don an yayyafa wa hatsin ruwa. Dakan hura kuwa nauyi gare shi, kana jin sa a tafin ƙafa kafin ya iso kunne. In 'yan mata uku suka haɗu a turmi guda suna lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin ta sauko, ko tsoho mai ciwon baya sai ya gyara zama. Yau injin niƙa ne ke yi mana kuka tun safe, murya ɗaya ga mai shi da marar shi. Ba na zagin inji, ni na san abin da taɓarya ta yi wa kafaɗata. Amma inji ba ya faɗa maka lafiyar maƙwabcinka. A da, in turmin gida ya yi shiru kwana biyu, sai ka ga tsohuwa ta yafa zane ta shiga wai ta zo ɗibar wuta, alhali ido ta zo bazawa.

Ban daɗe da tarewa gidan miji ba aka kawo na'urar sauraren ƙasa. Shekarar ce damina ta fara yi mana rowa, hatsi ya yi kai ya tsaya bai cika ido ba. Wata mota ta zo da Nasara ɗaya da wani dogon Bazabarme daga Yamai. Suka gaida mai gari, suka zaga bayan gari, suka zaɓi fili a bayan dangarmu, don gidanmu ne na ƙarshe ta gabas. Aka sa mutane haƙa har suka wuce yashi suka taɓa ƙasa mai tauri, aka zuba siminti, aka saukar da wani ƙarfe mai kamar tukunyar miya, aka rufe. Gefe aka gina ɗan ɗaki. Nasara ya hau motarsa ya tafi, Bazabarme ya zauna. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa malamin lakol, wato makarantar boko. Zance kuwa ya yi yawa. Wasu suka ce ruwa ake nema mana. Wasu suka ce a'a, abin nan shi ke tsotse hadari. Mushe ya ce ba ko ɗaya, kunne ne aka kafa wa ƙasa don a ji in ta girgiza. Mai gari ya ce shi tun kakanninsa bai ji an ce ƙasar nan ta girgiza ba. Mushe ya ce dalilin zuwansu ke nan, mai saurare ba ya zama tsakiyar kasuwa.

Bai yi mako ba ya yi sallama ƙofar gidanmu, ni kuwa ina tsakiyar surfe. Uwar mijina, Inna, ta ce in leƙa.

"Ke ce mai dakan nan?" in ji shi. "Ki kai turminki can gaba. Kina ɓata mini aiki."

Na ce, "Kai kuwa wa ya aje ka? Turmin ga ya riga ka zuwa garin ga."

Ya tsaya yana duban tsagen fuskata, sai ya fashe da dariya. "Af! Ashe Bagobira ce. Ashe da baiwata nake magana."

"Bawa dai ga shi tsaye, Bazabarmen da bai san hura ba sai an dama masa. In aikinka ba ya son daka, ka ce masa ya daina cin tuwo."

Inna na ciki tana jin mu, dariya har da tari. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun na kakanni, zagi halal ne, fushi haram. Wasan nan ne ya buɗe masa ƙofar da baƙo namiji ba ya samu wurin matar aure. Ya roƙi Inna ta zo da ni da matan maƙwabta mu ga abin da idonmu.

Ɗakin duhu ne, yana warin kananzir. Tsakiya ga wata ganga ta ƙarfe kwance, an naɗe ta da takarda, takardar an turara ta da hayaƙin fitila har ta yi baƙi ƙirin. Gangar na juyawa a hankali, in ba ka ƙura ido ba sai ka rantse tsaye take. Wata siririyar allura ta ɗora baki a kai tana jan farin layi cikin baƙin. Mushe ya ce cikin tukunyar da ke rami akwai ƙarfe mai nauyi a rataye. In ƙasa ta motsa, tukunya na motsawa tare da ita, shi kuwa mai nauyin sai ya yi gardama ya tsaya inda yake, kamar ruwan da ke cikin tulu in jaki ya yi tuntuɓe. Wannan saɓanin ne ke bin waya ya zo ya kaɗa allura. Ga agogo yana sa ɗan tabo a layin a kai a kai, kullum kuma Mushe na kunna rediyo ya daidaita shi da na duniya, don agogon da ya yi ƙarya ya ɓata shaidar duka. Kowace safiya yana cire takarda, ya tsoma ta cikin wani ruwa mai kamar ƙaro don kada baƙin ya goge, ya shanya, ya naɗa sabuwa. In sun taru kamyo, babbar motar kaya, ya kai su Yamai.

Ya ce da wata maƙwabciyarmu ta je gidanmu ta ɗaga taɓarya. Muna tsaye muka ji dum daga bayan danga, allura kuwa ta yi tsalle. Dum, ta sake. Inna ta ja da baya tana a'uzubillahi. Ni ban ja ba. Na durƙusa ina kallon dakan gidanmu yana zama rubutu, ni da ban san ko alif na boko ba.

Turmin dai ban ɗauke shi ba. Mushe ya gaji ya haƙura, ya ce zai koyi hannuna kamar yadda malami ke koyon hannun ɗalibinsa, ya riƙa tsallake shi in yana karatu. Ya kuwa koya. Yana gane nawa da na Inna, yana gane garken Fulani in sun gangaro rijiya, don kofatonsu na sa layi ya yi kauri kamar zaren saƙa. Wata rana ya kira mu da gudu. Allura na kai da komowa faɗin takarda, ba daka, ba shanu, iska ma ba ta kaɗawa. Ƙarƙashin ƙafarmu ba mu ji komai ba. Ya nuna mana inda motsin farko ya iso, ƙanana ƙanana, da inda na biyu ya biyo shi da ƙarfi. Ya ce kamar walƙiya da tsawa ne, tazarar da ke tsakaninsu ita ke faɗin nisan wurin. Kunne ɗaya ba ya faɗin ta wane gefe, sai an haɗa da na wasu ƙasashe, kowa ya kawo nasa nisan, inda suka gamu nan ne. Bayan kwanaki rediyo ya ce wani gari can bayan teku ya rufta kan mutanensa. Na daɗe ina juya abin a raina. Ashe ƙasar nan fata ɗaya ce kamar ta ganga, in an buga ta can, nan ma tana amsawa, mu ne dai ba mu da kunnen.

Daga nan fari ya zauna da gindinsa. Wata damina ta zo ta wuce kamar baƙon da ya yi sallama bai shigo ba. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone, iri ya ƙare. Muka share rumbu har muka kankare ƙasansa. Fulani suka riƙa wucewa da sanda ba garke, wani dattijonsu ya zauna bakin rijiyarmu yana kiran sunayen shanunsa ɗaya ɗaya, ba ko ɗaya da ke raye. Maza suka bi hanyar kudu cin rani, mijina a cikinsu, ya bar ni da Inna da ɗiyata ta fari a goye. Muka koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta an zubar da ruwa an sake jiƙawa kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Muka ci tafasa, muka kakkaɓe ƙarangiya don ƙwayarta, muka tona gidan tururuwa muka ƙwace abin da suka tara. Yaran yanzu in abinci ya yi jinkiri sai su ce yunwa za ta kashe su. Ba su san ta ba. Yunwa ba ta da hayaniya, gari ne ke yin tsit har ka ji kukan kunnenka.

Sai aka ce an kawo jar dawa ta taimako Cadakori, kowane mai gari ya karɓo rabon garinsa. Ba ta da yawa, don haka mai garinmu ya ce za a fara da gidajen da turminsu ya yi shiru. Hukunci ne mai kyau, irin na mutanen da suka san juna da kunne. Amma bai lissafa da Inna ba.

Inna matar Sarkin Noma ce. Marigayi mijinta ya yi dubu, wato ya noma damin da ya tara gari ya ciyar da su har aka naɗa shi, kuma a wata tsohuwar yunwa rumbunsa ne ya riƙe unguwa guda. Ya rasu ya bar mata suna, sunan kuwa ba ya shiga tukunya. Ta ce mini, "Ɗiyar nan, gidan Sarkin Noma ba ya miƙa ƙwarya. Mu aka sani da zubawa." Kowace asuba sai ta tashe ni, in zuba ƙaiƙayi tafi guda a turmi in yi ta bugawa. Turmin da ba kome cikinsa ya fi mai hatsi ƙara, sai dai ba a sakar masa ƙarfi don kada ya tsage, a gefe ake taɓa shi. Ita kuma ta hura wuta ta ɗora ruwa zalla don hayaƙi ya tashi. Da ɗan aiken mai gari ya zo zagaye, ta tare shi a zaure ta ce, "Mu alhamdu lillahi. Ba ka jin daka? A ba mabukata." Ya yi mata godiya ya wuce.

Kada wanda ya karanta wannan ya zagi Inna. Rabonta na anza tana turo mini rabi ta ce ta ƙoshi, ina ganin zanenta na zagaya ta sau biyu. Ni ma ban yi mata gardama ba, har wani alfahari nake ji in na ɗaga taɓarya gari na saurare. Amma nonona ya fara ɗaukewa. Ɗiyata ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙugi kamar na 'yar mage. Maɗigarta ta faɗa, in na shafa sai yatsana ya sami gurbi.

Ran nan da la'asar na dawo daga ɗibar anza, na biyo ta gaban ɗakin. Mushe na zaune a inuwa yana turara takarda.

"Baiwata, ba gaisuwa? Gobirawa dai ba su da ladabi."

"Ina ka taɓa ganin uwar gida ta gaida bawa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in dakata. Ya shiga ya fito da takardu biyu ya shimfiɗa a ƙasa, ya danne da duwatsu. Ta farko tsohuwa ce, ya nuna mini dakana a kai, dogaye, a jere kamar haƙoran matsefi. Ta biyu ta ranar ce. Layuka sumul daga gefe zuwa gefe, sai wani wuri da suka ɗan yi rawa kamar sawun ƙuda.

"Wannan ne dakanki na yau," in ji shi. "Ina kwance ina jin sa, ya fi na da ƙara. Kunnena na ji, ƙasa ba ta ji. Mi kike dakawa?"

Fushi ne ya kama ni, ba kunya ba. Na ce, "Nasara girgizar duniya ya ce ka saurara, ko turmin matan mutane? Wa ya aike ka cikin gidanmu?"

"Ba wanda ya aike ni. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba." Ya shafa takardar da bayan hannu. "Tunda na fara aikin nan ban taɓa samun takarda mai tsabta irin ta bana ba. Ba shanu, ba daka, ba amalanke. Mutanen buro, manyana na Yamai, sun aiko suna yabo. Ni kuwa in na cire ta da safe ba na son kallonta."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Da ɗan'uwanki ne ni, da nauyi ya hana ni. Amma ni abokin wasanki ne, abin da na ga dama nake faɗa miki, haka kakanni suka bar mana. Juyo da ɗiyar nan in gani."

Na juya masa baya. Ya ɗaga zanen goyo, ya duba maɗigarta. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce yana da 'yar shinkafa, zai ba ni. Na ce in aka gan ni na fito ɗakin namiji da ƙulli, mijina na kudu, mi za a ce? Kuma kwana nawa za ta yi mana? Ya ce gaskiya ne. "To ni na rufe bakina, ƙasa kuwa dama ba ta da shi. Saura naki."

Da magariba na sami Inna tana tsame anza. Na durƙusa na ce, "Inna, gobe ba ni daka."

Ba ta ɗago ba. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ɗiyar nan."

"Na sani, Inna. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na kwance goyon na aje mata jikarta a cinya, na kama hannunta na ɗora a maɗigar. Ta bar shi nan. Na ga leɓenta na motsi.

"In kika fita da ƙwarya," in ji ta, "kin sake bizne Sarkin Noma."

Na ce, "Shi an riga an bizne shi, Allah ya ji ƙansa. Wagga ba a bizne ta ba tukuna."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba. Ta miƙo mini ɗiyar ta shiga ɗaki.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya tun yanzu, don kada a tare ni a hanya da tambaya. Ɗiyar ta rayu, yau ita ma kaka ce, bakinta ya fi nawa kaifi. Inna ta yi wata ba ta fita ko zaure ba, ba ta kuma sake yi mini dariya irin ta da ba har ta koma ga Allah, wannan kuwa na biya shi kuma ina jin sa har yau. Na'urar ta yi wasu shekaru, sai mota ta zo ta kwashe ganga da tukunya da Mushe, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Jikana da ya yi lakol mai zurfi ya ce har gobe ana sauraren ƙasa, sai dai na'urorin yanzu ba su son mai tsaro, su kaɗai suke aika labari ta iska zuwa manyan birane. Na ce madalla. Na tambaye shi, in layi ya yi sumul fiye da kima, wa ke fitowa ya ce a juyo da goyo ya gani? Ya ce ba aikinsu ba ne. Na ce na Mushe ma ba aikinsa ba ne.

Washegarin maganarmu da Inna, da asuba ladan ya yi kira, Inna ba ta tashe ni ba, ni ma ban jira ta ba. Na mirgina turmin Sarkin Noma daga tsakar gida, na bi da shi ta zaure, na fitar da shi ƙofar gida inda duk mai zuwa masallaci zai gani. Na kife shi, bakinsa a ƙasa, na jingina taɓarya a kai. Maza suka fito salla suka tsaya cirko cirko, wani tsoho ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na gyara goyona, na ɗauki ƙwarya mafi girma a gidan, wadda ake auna wa baƙi da ita a zamanin marigayi, na ɗora a kai ba rufi. Ban bi ta bayan gari ba. Ta tsakiya na bi, har ƙofar mai gari.